Tabon da ke Hannun Auta

"Ba zan je ba, Madam," na ce mata. "Ku nemi wata."

Madam ta ɗago kai daga kwamfuta ta dube ni ta saman tabarau. Ita ce shugabar ƙungiyarmu, wadda ke karɓar 'yan gudun hijira idan an kawo su garin, ta sama musu ɗaki, ta nuna musu asibiti da makaranta da inda ake hawa bas. Ni ɗaya ce daga cikin masu aikin sa-kai. Da rana ina koyon aiki a wani ofishin lauyoyi, da yamma kuma in zo nan, domin harshen da yawancin sababbin zuwan ke yi shi ne harshen kakata ta wajen uwa, kuma kaf ƙungiyar ni kaɗai nake jinsa.

"Ba shawararki nake nema ba, ƙanwata," in ji ta. "Gobe da safe jami'ar kula da yara za ta je gidan. Matar nan ba ta buɗe wa kowa ƙofa sai ta ji muryarki. Ki ƙwanƙwasa, ki ce mata asibiti za a kai yarinyar a duba ta. Iyakar aikinki kenan."

"Za a dawo mata da ita?"

Ta cire tabarau ta murza ido. "Za a kai ta gidan riƙo kafin a gama bincike."

"Ashe ƙarya za ku aike ni in yi."

"Sauƙi nake nema wa kowa. In ba ki je ba, da 'yan sanda za a je a ɓalle ƙofa. Ke da kika karanta shari'a ya kamata ki riga kowa ganewa. An ga tabo a hannun yarinya. Uwa tana ɗaure 'yarta kamar akuya."

"Kin taɓa duba hannun uwar?"

"Ba a kan hannun uwar makaranta ta kai ƙara ba." Ta nuna ƙofa da tabaran. "In da wannan taurin kan za ki fita, ki ajiye min katin ƙungiya."

Na zare katin daga wuyana na ɗora shi kan kwalin bargunan da aka kawo sadaka. Ban buga ƙofa ba, don an yi min tarbiyya. Amma ban yi sallama ba.

Maman Auta muke ce wa matar. Auta ita ce yarinyar, 'yar shekara bakwai, siririya, mai tambayar tsiya. Watanni kaɗan kafin nan aka damƙa min su, aka ce in koya musu zaman garin. Ɗakinsu yana can saman wani dogon bene, ciki da falo, gadaje biyu, amma ɗaya suke kwana a kai. Na koya mata kunna murhun gas, da sarrafa injin wanki, da inda ake dannawa in za a sauka daga bas. Mace ce mai kai, abin da na nuna mata sau ɗaya ba na maimaitawa. A garinsu tela ce. Lifta kawai ta ƙi, ta ce ba za ta shiga akwatin da ba ta ga mai jansa ba.

Ranar farko da za mu fita kanti, muna bakin ƙofa ta ciro wani dogon ƙyalle da ta yago daga tsohon zani. Ta ɗaura baki ɗaya a wuyan hannun Auta, ɗaya bakin a nata, ta ja ƙullin da haƙori. Yarinyar ta miƙo hannu tun ba a ce mata ba, kamar mai jiran a sa mata awarwaro.

"Yaya, a nan ba a yin haka," na ce.

"A can ma ba a yi," ta ce. "Mu je."

Sai daga baya ta faɗa min dalili, tana ɗinke bakin labule, ba ta ko dube ni ba. Yara biyu ta fito da su daga gida. A bakin iyaka aka kawo babbar mota, mutane suka yi mata caa. Auta tana hannunta na hagu, yayan Auta yana na dama. Aka jawo ta sama, hannun yaron ya yi gumi, ya sulluɓe, mota ta tashi.

"Na riƙe shi, ƙanwata. Da iya ƙarfina na riƙe shi. Ina jin yatsunsa suna fita daga cikin nawa."

Har yau babu wanda ya san inda yaron yake.

Da aka sa Auta a makaranta, uwar takan kai ta, ta kunce ta a bakin ƙofa, ta wuni a tsaye riƙe da shinge. Haka aka yi ta lallaɓawa har ranar da bas ya zo kai 'yan ajin yawon buɗe ido. Maman Auta ta hango 'yarta a layi tana shirin hawa, sai ta kutsa ciki da gudu, ta ture wata malama har ƙasa, ta fizgo yarinyar. Makaranta ta hana ta sake taka harabarta. Ita kuma ta hana Auta zuwa. Malamar da aka ture ta riga ta ga tabon ƙyallen a hannun yarinyar, sai suka haɗa duka suka kai ƙara.

Daga ofishin Madam gidansu na zarce. Na ƙwanƙwasa na ce ni ce. Na ji an janye kujerar da take tokare ƙofa da ita, sannan aka zare sakata. Ban zauna ba na faɗa mata komai, har da aiken da aka so a yi min.

Ba ta yi kuka ba. Ta jawo jaka daga ƙarƙashin gado ta fara cusa kaya.

"Ina za ki, Yaya?"

"Inda ba su."

"Babu inda ba su. Kin san sunan titin da ke bayan wannan? In kika gudu kin ba su hujja, duk inda suka same ki a nan za su raba ku."

"To don me kika faɗa min?"

"Don an ce in yi miki ƙarya na ƙi. Gobe za su zo. Ke za ki buɗe musu ƙofa da hannunki, ina zaune a kujerar nan."

"In sun ɗauke ta fa?"

"Ban ce miki ba za su ɗauke ta ba. Ban sani ba. Abin da na sani shi ne ina nan."

Auta da ke zaune kan gado tana jin komai ta ce, "Anti, gidan riƙon akwai talabijin?"

Uwar ta daka mata tsawa, sannan ta jawo ta ta matse a ƙirji har yarinyar ta ce numfashinta. Jakar tana nan buɗe a ƙasa. Ba ta kwashe kayan ba, amma ba ta ƙara komai a ciki ba.

Washegari jami'ar ta iso tana haki, don liftar ta lalace. Mace ce mai jiki, ta manyanta, da wani ma'aikaci a bayanta riƙe da jakarta. Maman Auta ta buɗe ƙofa.

"Ke ce wadda ta ƙi aike?" in ji jami'ar da ta gan ni. "An ba ni labarinki. A wane matsayi kike nan?"

"Baƙuwa ce, ranki ya daɗe. Shayi na zo sha."

"To baƙuwa, tunda kin zo sai ki yi mana tafinta."

Ta kira Auta ta juya hannunta a hankali. Tabon yana nan, baƙi, ya zagaye wuyan hannun. Na fara jero mata abin da doka ta ce, cewa raba yaro da uwarsa shi ne mataki na ƙarshe, sai an gwada komai ya gagara.

"'Yar nan, ajiye min karatun," ta ce. "Na san dokar nan tun ba a yaye ki ba."

"To mu yi aiki da ita mana."

Ta harare ni. Ni kuwa na juya na ce wa Maman Auta ta naɗe hannun rigarta. Ta ƙi, sai da na maimaita. Nata ba tabo ba ne, ciwo ne ɗanye, fatar ta ɗaye ta warke ta sake ɗayewa. Kullum takan sa auduga a ɓangaren yarinyar, nata kuwa ta ja shi har ya nutse. Ma'aikacin ya kawar da kai. Jami'ar ta nemi kujera ta zauna, ta ce in ba ta labarin tun daga farko, na ba ta.

Da na gama ta ce za ta ba mu zuwa ƙarshen zangon karatu. Yarinya ta je makaranta kullum, ba fashi ko na rana ɗaya sai da takardar likita. Kuma kada a sake ɗaura mata komai a jiki. In aka saɓa ɗaya, ba za ta sake hawo benen nan don yin magana ba.

Na fassara. Maman Auta ta girgiza kai.

"Ba zan iya sakinta a titi ba ɗauri ba."

"Yaya, za su ɗauke ta."

Ta dubi jakar makarantar da ke rataye a ƙusa, irin mai maɗauri a ƙirji. Ta sauko da ita ta jujjuya, ta ja ɗinkin da yatsa kamar yadda teloli ke yi. "In a jikin jakar aka ɗaura fa?"

Na faɗa wa jami'ar. Ta taɓe baki. "Ni yara aka ba ni. Jaka ba ta cikin aikina. Amma uwar ba za ta matsa kusa da makarantar ba, wannan ba a hannuna yake ba. Wa zai kai ta?"

Maman Auta ta nuna ni da yatsa ta yi magana mai tsawo. Na fassara a hankali, don hukunci aka yanke min kuma da bakina zan karanta shi.

"Ta ce ni. Ta ce in kai ta, in zauna inda zan riƙa ganinta har a tashi, in dawo mata da ita. Ta ce in ba ni ba, ba kowa."

"Ba ki da aiki ne?"

"Ina da shi."

"Za ki iya?"

Da a ce ba da wannan muryar ta tambaye ni ba, wataƙila da na tsaya na yi tunani. "Zan iya," na ce.

Shugaban makarantar ya yarda in zauna a matsayin mai yi wa yarinyar tafinta. Oga, babban lauyan da nake koyon aiki a ƙarƙashinsa, ya yarda in riƙa zuwa da rana in rama da yamma, ya ce na ɗan lokaci ne. Haka muka fara.

Kullum da safe Maman Auta takan ɗaura ƙyallen a maɗaurin jakar, ta ɗaura ɗaya bakin a hannuna, ta ja da haƙori. Ba ta sa min auduga. Mu sauko bene, mu bi ta gaban gidan burodi da shagon mai gyaran waya, mu tsallaka babban titi. Ina sanye da baƙar kwat ɗin ofis da takalmi mai tsini, da tsumma a hannu. Mutane suna kallo. Ni ma in kalle su har sai sun kawar da kai.

A aji aka ba ni kujerar yara a can baya, in na zauna gwiwata ta kusa taɓa haɓata. A nan nake karanta takardun shari'a yara suna rera haruffa. In an fita tara sai in kira uwar a waya, Auta ta ce mata, "Ina nan," ta miƙo min wayar ta ruga wasa. Malamar da aka ture ba ta taɓa amsa gaisuwata ba. Ban fasa gaishe ta ba.

A gida kuwa na zama abin nishaɗi. Yayana ne ya fara ganina a titi daga cikin motar wurin aikinsu.

"Umma, albishirinki," ya ce muna cin abinci. "Lauya ta samu ƙarin girma. Kiwo take yi yanzu. Na gan ta da tunkiya ɗaya, har da igiya."

"Gara ni tunkiyata tana zuwa makaranta," na ce. "Kai da aka kai ka me ka tsinta?"

"Ji bakinta. Umma, in za ki aurar da ita ki haɗa wa mijin da maganin ciwon kai."

Umma ba ta yi dariya ba. Ta kama hannuna ta duba jan layin da ya fara fitowa.

"Ke 'yar nan, karatun da ubanki ya mutu yana fatan ki gama, shi za ki kai ajin yara ki zaunar?"

"Zango ɗaya ne, Umma."

"Tun kina goye in kika ce a'a sai dai a gaji a bar ki. Allah ya sa ki gama da hannunki a jikinki."

Abin da ya fi yi min ciwo ba daga manya ya zo ba. Auta ta kama harshen garin da wuri, ta yi ƙawaye, ta fara jin kunya. Wata safiya da muka iso kwanar makaranta ta ja ta tsaya.

"Anti, kunce a nan. Kada su gani."

"Sai bakin ƙofa."

"Mama ba za ta sani ba."

"Na ce mata bakin ƙofa."

"Suna ce min kare," ta ce, idonta ya ciko. "Ke ma muguwa ce. Kin fi Mama mugunta, don ke kin san ba abin da zai same ni."

Gaskiya ta faɗa, na sani. Amma abu ɗaya ya sa uwarta take barin ta ta sauko benen nan, shi ne abin da na ce zan yi shi nake yi. In na kunce a kwana yau, gobe uwar ta tambaye ni, ko in yi ƙarya ko in faɗi gaskiya, duka biyun ƙarshen zuwa makaranta ne. Na ja ta muka ƙarasa tana kuka. Ta yi kwanaki ba ta ce min uffan ba.

Ana tsakiyar zango Oga ya kira ni ofishinsa. Ya ce akwai shari'ar da za a saurara da safe, ni na shirya takardunta, dole in kasance a kotu. Ya ce ya gaji da jin sauran masu koyon aiki suna tambayar ko ni 'yar gwal ce.

"Yallaɓai, in nemi alfarma..."

"An gama alfarma. Ko in gan ki a kotu, ko ki kwashe littattafanki."

Da yamma na je wurin Maman Auta na roƙe ta safiya ɗaya tak. Na ce yayana zai kai Auta, ko Umma da kanta, ga hotonsu, ga lambarsu. Ta saurare ni har na gama.

"Ki je aikinki, ƙanwata," ta ce a hankali. "Kin yi mana ƙoƙari. Gobe sai ta zauna a gida."

"In ta yi fashi za su ɗauke ta."

"To su zo su same mu tare."

Ba barazana take yi min ba. Iyakar abin da za ta iya kenan, ta faɗa min. Na sauko benen ina jin haushinta kamar in koma in shaƙe ta. Na ji haushin yaron da ya bari hannunsa ya yi gumi, Allah ya yafe min. Da gari ya waye na sa kwat ɗina na kotu, na tsaya a tashar bas inda hanya ta rabu biyu, na ga bas ɗin kotu ya zo ya wuce. Na hau benensu na miƙa wa Maman Auta hannu.

Da rana na je ofis na tarar an haɗa min littattafaina a kwali a wurin mai gadi. Ba wanda ya fito. Na ɗauki kwalin a ka, da kwat ɗina da komai, na bi ta gaban tagar Oga a hankali don ya gani da kyau.

Umma ta yi kwana biyu ba ta yi min magana ba. Yayana ma ya daina tsokana, wannan ya fi tsokanar zafi.

Ba a jima ba Madam ta kira ni. Na yi mamaki, don tun ranar katin ba mu sake magana ba. Muryarta a gajiye.

"Ƙanwata, mu ajiye abin da ya wuce. An kawo wasu mutanenku, akwai wani dattijo a cikinsu ba shi da lafiya. Likita ya kasa gane abin da yake faɗa, na'urar fassara kuma shirme take yi. Ki zo asibiti gobe da safe."

"Zan zo da rana in an tashi daga makaranta."

"Babban likitan da safe kawai yake zagaye."

"To a haɗa mu a waya ina aji."

"An gwada waya da wani, tsohon ba ya ji sosai, sai an zauna kusa da kunnensa. Ke, mutum ne kwance. Yarinyar nan lafiyarta ƙalau, tana zaune a aji tana zana kyanwa."

"In na tashi daga kujerar nan, Madam, gobe ba ta aji."

"Iyali ɗaya kika rungume kika saki sauran," ta ce. "Kina ganin ke kaɗai ce mai zuciya. Allah ya ba ki sa'a." Ta kashe.

Na je da rana. Na zauna kusa da kunnen dattijon, ya faɗa min inda ke masa ciwo da irin maganin da yake sha a gida kafin su fito, na rubuta na ba ma'aikaciyar jinya, ta ce za ta ajiye wa likita. Na koma washegari, na sake komawa. Kullum in tarar likita ya tafi, ya bar tambayoyin da sai gobe za a ba shi amsarsu. Ana cikin haka wata rana na tarar da gadon an canza masa zani. Surukarsa tana zaune a baranda da ledar kayansa a cinya. Ta gaishe ni da ladabi, ta yi min godiya. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Washegari na miƙa hannu aka ɗaura.

Wajen ƙarshen zango na lura ana bin mu. Na waiga a gaban gidan burodi na hango Maman Auta a nesa, ita kaɗai, ta naɗe hannuwa a ƙirji, tana tafe tana raɓe-raɓe a jikin gini. Ban nuna na gan ta ba. Ranar ta tsaya a babban titi ta koma. Bayan kwanaki ta tsallaka. Daga baya ta gano rumfar jiran bas da ke tsallaken makarantar, inda ake hango tagar ajin su Auta, ta mayar da ita wurin zamanta. Na tambayi shugaban makaranta, ya ce ikonsa ya ƙare a shinge, rumfar bas ta kowa ce.

Wata safiya ta ɗaura ƙyallen a jaka, na miƙa hannu kamar kullum, sai ta ture shi. Ta ɗaura a nata.

"Ki biyo mu a baya," ta ce. "Kada ki yi nisa."

A rumfar ta kunce, ta riƙe maɗaurin jakar ta kasa saki. Auta ta ce, "Mama, za a rufe ƙofa." Ta saki. Na tsallaka da yarinyar, na shiga na zauna a kujerata. Ta taga ina hango ta a tsaye, bas yana zuwa yana tafiya, ba ta zauna ba har aka tashi.

A satin ƙarshe jami'ar ta zo, ta sake hawo benen tana tsine wa liftar. Ta duba hannun Auta, tabon ya dushe. Ta duba rajistar makaranta, ba fashi. Ta yi wa Auta tambayoyi ba tare da tafinta ba, yarinyar ta amsa har da ƙari, ta kai ƙarata cewa na cika tsanani.

"Na rufe maganar," in ji jami'ar. "Yarinya ta zauna wurin uwarta." A bakin ƙofa ta dube ni. "Ke kuma baƙuwa, shayin ya isa haka. Ki koma aikinki."

"Babu shi," na ce.

Ta kama ƙarfen bene ta fara sauka.

Da na fassara wa Maman Auta hukuncin, ta zauna a bakin gado ta rufe fuska da mayafi. Da ta buɗe, abin da ta fara tambaya shi ne ko zango mai zuwa zan riƙa leƙowa ajin ko da sau ɗaya a sati. Na ce zan duba. Ba ta warke ba, kada wani ya ce na ce ta warke. Har yanzu tana ɗaura ƙyallen a jaka, har yanzu tana wuni a rumfar bas, ruwa ko rana, kuma duk yaron da ya wuce mai tsawon ɗanta sai ta bi shi da ido.

Auta tana wurin uwarta. Abin da na tsaya a kai kenan, kuma na same shi. 'Yan ajinmu an rantsar da su lauyoyi, na ga hotunansu, ni sai na sake neman ofishin da zai karɓe ni in faro daga farko, kuma Oga ya san kowa a garin. Ƙungiya ba ta sake kirana ba, mutanen kakata suna ta isowa ba mai jin maganarsu. Yarinyar da na yi domin ta in ta hango ni a titi sai ta tsallaka. An binne wani dattijo da likitansa bai taɓa jin ciwonsa daga bakinsa ba, kuma ba zan taɓa sanin ko safiya ɗaya tawa da ta tashe shi ba. In aka sake aikena da ƙaryar nan gobe zan sake ƙi. Amma shekara guda ta rayuwata ta tafi a kai, wataƙila da ran mutum.